Waƙar Kishin Ƙasa da Haƙurin Talaka a Bakin Iyakar Gobir

Duk wanda ya san ƙasar da ke tsakanin Isa da Sabon Birni, tun daga fadamar Bunsuru har zuwa inda gulbin Rima ya karkata ya nufi Goronyo, ya san cewa shekarun nan sun ɗora wa mutanenta nauyin da ba a ga irinsa ba tun da yaƙe-yaƙen Gobir suka lafa. A ƙarshen watan Mayu na 2020 'yan bindiga suka auka wa Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma, suka kashe fiye da mutum 70. A ƙarshen Satumba na 2021 suka faɗa wa sansanin jami'an tsaro da ke Burkusuma, suka hallaka da dama daga cikinsu, har talakan da ke kwana da ɗan sauran natsuwa saboda ganin soja a kusa ya wayi gari ya ga mai tsaron nasa ma yana bukatar mai tsaro. Cikin Disamba na wannan shekara aka tare wata mota kusa da Gidan Bawa aka ƙone ta da matafiya a ciki, sama da rai 20. Tsakanin waɗannan manyan musibu kuwa akwai ƙanana na yau da kullum da ba sa kai wa ga kunnen jarida: harajin da ake aza wa gari kafin a bar shi ya yi noma, da kuɗin fansa, da shanun huɗa da aka kora, da amaryar da aka kai ɗakinta ba guɗa.

To, a cikin irin wannan hali, ina amfanin waƙa? Akwai mutanen kirki, masu hankali da tsoron Allah, da ke ganin cewa zancen kiɗa da waƙa a garin da ake binne gawa kowane mako rashin ta-ido ne, kuma abin da ya kamaci mai baƙin ciki shi ne addu'a da alƙunuti. Ban musa falalar addu'a ba, kuma babu Musulmin da zai musa ta. Amma ina ganin wanda ya kore waƙa baki ɗaya daga cikin abubuwan da ke riƙe da jama'a a lokacin tsanani bai lura da ɗabi'ar ɗan Adam ba, bai kuma waiwayi tarihin wannan ƙasa tamu ba, domin ba a taɓa yin wani yaƙi a nan ba face an sami bakin da ya rera shi, kuma sau da yawa abin da aka rera ya fi daɗewa bisa ga ganuwar da aka yi faɗan a gindinta.

Malamai magabata ba su bar mas'alar ba tare da bayani ba. Imamu Gazali, a babin da ya keɓe wa sauraro cikin Ihya'u Ulumiddin, ya jera wuraren da rera baiti ke halatta, ya sa a ciki waƙar mahajjata da ke tsuma zuciya zuwa Ɗakin Allah, da waƙar da ake zaburar da mayaƙa da ita idan yaƙin na halal ne. Hukuncinsa kuwa ya rataya ne a kan abin da sautin ke motsawa a cikin zuciya, in alheri alheri, in sharri sharri. Ya kuma tabbata a cikin ingantattun hadisai cewa a shekara ta 5 bayan Hijira, lokacin da Sahabbai ke haƙa ramin Handaƙu a Madina cikin yunwa da sanyi, ga rundunar ƙawance tana tafe, suna haƙa suna rera baitoci, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana amsa musu. Shugabannin jihadin Sakkwato, duk da tsananinsu a kan kiɗan shagala na fadar sarakunan Haɓe, sun bar gangar tara runduna, su da kansu kuma suka riƙi waƙa ta zama babbar hanyar isar da saƙo ga wanda bai iya karatu ba.

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya dubi ƙasar Gobir da kyau. Kangon Alƙalawa, birnin su Bawa Jan Gwarzo, wanda ya faɗi a 1808 aka kashe Sarki Yunfa a ciki, yana nan cikin wannan yanki. Tsuntsuwa, inda jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka yi asarar ɗimbin mahaddata Alƙur'ani a ƙarshen 1804, ba nisa take da shi ba. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni, Isa kuwa ta tsaya a matsayin ribaɗi a hannun gidan Sarkin Musulmi Bello. Shekaru aru-aru ana kai hari ana ramawa, kowane ɓangare yana da maroƙansa da mawaƙansa: can ana kirarin Bawa don kada yaran da aka haifa a gudun hijira su manta ko su 'ya'yan wane ne, nan kuma Abdullahin Gwandu yana tsara ƙasidu a kan yaƙin Tafkin Kwatto. Amma aikin da ya fi kusa da abin da muke magana a kai shi ne na Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, domin ita ta lura da waɗanda yaƙi ya bari a baya, watau zawarawa da marayu da matan da aka raba da garuruwansu, ta tsara musu waƙoƙi, ta naɗa mata jagorori da ake kira jaji suna kai su ƙauye-ƙauye ga 'Yan Taru, mata suna haddacewa suna rerawa a bakin aikinsu. Ta gane cewa macen da aka kashe mijinta tana bukatar abinci da sutura, tana kuma bukatar wasu kalmomi tsararru da za ta riƙa maimaitawa har zuciyarta ta sami wurin tsayawa.

Wani abin lura kuma shi ne yadda zamani ya narkar da gabar nan. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, wanda ya yi zamani a fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu, ya kuma rasu a farkon shekarun 1960, makaɗin fada ne, yabon ubangidansa yake yi da kotso. Amma yau Bagobirin Sabon Birni da Bazamfaren Shinkafi da Bafillacen da ya tashi a Isa duk suna jin waƙarsa Bakandamiya tasu ce, kuma idan ɗayansu ya ji ta a tashar mota a Legas ko a wata rumfa a Agadas, sai ya ji ƙamshin ƙasarsu ya buso masa. Narambaɗa bai zauna don ya tsara waƙar kishin ƙasa ba. Harshensa da karin maganarsa da sunayen garuruwan da ya ambata su ne suka mayar da waƙarsa haka.

Da aka shiga zamanin Turawa sai al'amarin ya sami sababbin ƙafafu, watau jarida da rediyo. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ita ce ta riƙa kai wa iyaye labarin 'ya'yansu da aka kwasa zuwa yaƙin Bama, kuma da suka komo Sa'adu Zungur ya tarye su da waƙarsa Maraba da Soja. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 Rediyon Kaduna ya cika gidaje da muryar Mamman Shata da ta Ɗan Maraya Jos suna yi wa soja waƙa, Aƙilu Aliyu kuma ya tsara Jiki Magayi. Sau da yawa akan ɗauka waɗannan waƙoƙi don mai bindiga aka yi su, alhali mafi yawan masu sauraronsu tsofaffi ne da matan aure da ke zaune gaban akwatin rediyo, ba wasiƙa ba labari, waɗanda jin an ambaci soja da girmamawa yake sa su ji cewa rashin ɗansu yana da ma'ana. Adalci kuma ya wajabta a faɗi cewa a ɗaya gefen, inda yunwa ta kashe ƙananan yara ba adadi, mutanen Biyafara su ma suna da nasu waƙoƙin da suka jingina da su. Haka abin yake a ko'ina. A birnin Leningirad, wanda Jamusawa suka yi wa ƙawanya daga 1941 zuwa 1944, makaɗan da yunwa ta rame sun taru ranar 9 ga Agusta 1942 suka kaɗa sabon kiɗan Shostakobich, aka watsa shi ta lasifika a titunan birnin. Mawaƙiya Ummu Kulsum kuwa, bayan kayen da Masar ta sha a 1967, ta zaga ƙasashe har Faris tana waƙa tana mayar da kuɗin ga baitulmalin ƙasarta.

Yanzu sai mu zo ga ainihin tambayar, watau ta wace hanya sauti, wanda ba ya tare harsashi kuma ba ya cika tukunya, yake riƙe mutum. Babban makamin ɗan ta'adda, bayan bindigarsa, shi ne ya raba mutane da juna, ya sa kowa ya shiga ɗakinsa da tsoronsa, maƙwabci yana zargin maƙwabci da zama ɗan leƙen asiri, har mutum ya riƙa tauna maganarsa kafin ya furta ta a majalisar da ya girma a cikinta. Tsoron da mutum ya kwana da shi shi kaɗai yakan yi ta girma har ya fi abin da ake tsoron. Waƙar Hausa kuwa, bisa asalin gininta, abu ce ta jagora da 'yan amshi. Ba ta cika sai wani ya karɓa. Saboda haka duk inda aka ɗaga ta, ko da murya ƙasa-ƙasa ne, an riga an sami mutum biyu da suka yarda da magana ɗaya, kuma abin da ɗayansu ba zai iya faɗa da bakinsa ba, don kunya ko don tsoro, ya sami wanda ya faɗa masa shi. Namijin da al'ada ta hana shi kuka a gaban iyalinsa yakan sunkuyar da kai idan mawaƙi ya ambaci garinsu, kowa ya san abin da ke faruwa, ba kuwa wanda zai ce ya yi rauni.

Dubi mata uku a kan turmi ɗaya a matsugunin 'yan gudun hijira, geron ma na taimako ne, an auna shi da kwano. Taɓarya tana sauka bi da bi, ta farko ta ɗauko waƙar daka irin wadda ta koya a tsakar gidan uwarta, ta biyu ta amsa, ta uku ta jefa taɓarya sama ta tafa ta cafe. Can cikin waƙar sai a sako sunan garin da aka baro, da na fadamar da ake dasa albasa, da na wanda aka kashe a kan hanyar kasuwa. Yarinyar da ke tsugune tana tsince tsakuwa, wadda aka goyo ta aka tsallaka da ita iyaka tun ba ta yi wayo ba, a nan take jin cewa tana da gari. Waƙa a wurin nan gammo ce: kayan yana nan da nauyinsa, amma kai ya sami abin da zai iya ɗaukarsa da shi har a kai masauki.

Ko kuma dubi rumfar mai cajin waya a ranar kasuwa, ƙaramin janareta yana ruri, wayoyi jere a kan tebur kowace da 'yar takardar lamba, samari suna miƙa katin memori a zuba musu waƙoƙi da wa'azi. Lokacin da hukuma ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato cikin Satumba na 2021, aka kuma taƙaita cin kasuwanni da sayar da fetur a jarka, mutanen wannan yanki sun zauna ba mai jin ɗuriyar ɗan'uwansa sai wanda ya sami layin Nijar. Amma abin da ke cikin memori bai bukaci layi ba, ya ci gaba da zagawa daga waya zuwa waya. A waɗannan katuna za ka tarar da Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace, da Ishiriniya da Infiraji, da kuma sababbin waƙoƙin samari na situdiyo masu kukan halin da Arewa ta shiga, duk a cakuɗe, kuma mai wayar ba ya ganin wani saɓani a tsakaninsu.

Sai dai wajibi ne a tambaya, wace ƙasa ce ake kishi? A watan Mayu na 2024 Nijeriya ta koma wa tsohon takenta na lokacin samun mulkin kai, Nijar kuma ta sauya nata a 2023. Ɗaya da Ingilishi, ɗaya da Faransanci, kuma manomin Burkusuma bai taɓa rera ko ɗaya daga cikinsu a gonarsa ba. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata da yarjejeniyar 1904 da ta 1906 ta ratsa tsakiyar Gobir ne, ta bar wa a Tsibiri ƙane a Sabon Birni. Shi ya sa a 2019, da mutum fiye da 40,000 daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa Jihar Maraɗi, kafin hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya matsugunai a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, dangi ne suka fara buɗe musu zaure, da harshe ɗaya da kirari ɗaya. Kishin ƙasar talakan iyaka yana farawa daga gonar gado da maƙabartar iyaye da masallacin unguwa, daga nan yake faɗaɗa. Kuma in har Nijeriya tana son ya kai gare ta, to sai ta zama ita ce ke tsare masa waɗannan ukun. Waƙar da ta kira shi ya so ƙasa alhali ba ta san sunan garinsa ba, zai saurare ta da ladabi, amma ba za ta kwana a zuciyarsa ba.

Akwai kuma haɗari, wanda ɓoye shi cin amanar mai karatu ne. Kiɗan da ke tsayar da zuciyar mai rauni shi ne dai yake iya tunzura ta mai ƙarfi, Hausawa kuwa sun san zuga tun ba yau ba. A wannan shiyya aka yi Kassu Zurmi, makaɗin 'yan tauri da mafarauta, aka kuma yi Gambu mai waƙar ɓarayi, wanda daga baya ya tuba ya bari. A zamaninmu ma an ji waƙar da aka yi wa ɗan bindiga Bello Turji tana yawo a wayoyi, yara suna bin ta ba su san abin da suke haddacewa ba. Mafi muni a wurina ita ce waƙar da ke sanye da rigar kishin ƙasa, amma cikinta kiran ramuwar gayya ne a kan ƙabila sukutum, wadda ke mayar da kowane Bafillace ɗan bindiga, alhali makiyaya da yawa su ma an kore musu shanu, an kashe musu 'ya'ya, wasu a hannun ɓarayin daji wasu a hannun 'yan sa-kai. Mutanen Ruwanda sun ga inda wannan hanya take kaiwa a 1994, lokacin da rediyo ya riƙa sa waƙoƙin Simon Bikindi ana kisa, kuma a 2008 kotun duniya da ke Arusha ta ɗaure shi shekara 15 saboda tunzura jama'a. Ma'aunin Gazali yana nan daram: a dubi abin da sautin ya tayar a zuciya. In mai sauraro ya tashi da niyyar komawa gonarsa da taimakon maƙwabcinsa, an yi masa alheri. In ya tashi yana neman wanda zai huce a kansa, an cuce shi, an kuma cuci garin.

Haɗari na biyu ya fi wannan laushi, shi ya sa ba a cika ganinsa ba, watau waƙar da aka saya. Mawaƙi mutum ne mai iyali, kuma karɓar kyauta daga hannun wanda aka yaba tsohuwar al'ada ce da ba ta da aibi a kanta. Aibin yana zuwa ne idan aka biya shi don ya ce an sami lafiya alhali ba a samu ba. A ƙarshen Yuli na 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komowa daga Sakkwato, duniya ta gan shi a ɗaure yana roƙon a cece shi, cikin Agusta kuma aka ji rasuwarsa a hannun waɗanda suka sace shi. Mutanen da suka ga haka ta sami basarakensu, dattijo mai rawani, ba za a lallashe su da kiɗan yabon masu mulki ba, kuma kowace irin wannan waƙa da aka sa musu tana rage darajar waƙa baki ɗaya a idonsu. Maroƙan dauri, duk da kwaɗayin da ake jingina musu, sun san habaici, sun san yadda ake tuna wa sarki aikin kakanninsa har kunya ta kama shi ya tashi; wannan gefen sana'ar ne ya yi ƙaranci a yau, shi ne kuma aka fi bukata.

Ba na kuma son a ɗauka cewa waƙa tana da rai bakwai. A garuruwa da yawa dandali ya mutu, domin ba uwar da za ta bar 'yarta ta fita gaɗa bayan isha'i. Gangar noma ta yi shiru, domin gayya taro ce, taro kuwa yana jawo ido. Bikin da a da ake kwana bakwai ana yi, yanzu ana ɗaura aure da hantsi a watse kafin azahar. Yaran da suka tashi cikin shekarun nan a ƙauyukan Isa da Sabon Birni akwai waɗanda ba su taɓa ganin makaɗi da kalangu a rataye yana zaga gari ba. Idan tsofaffin matan da ke riƙe da waƙoƙin daka da na niƙa da na reno suka ƙare a gudun hijira ba wanda ya karɓa daga bakinsu, asarar za ta kai ga jikokin da ba a haifa ba.

Saboda haka ina kira ga gidajen rediyo na Sakkwato da Gusau da Maraɗi, da malaman sashen harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su aika ɗalibai da na'urar ɗaukar murya zuwa inda mutanen nan suke zaune, su ɗauki abin da suke rerawa da izininsu, su adana, su kuma riƙa sa shi a iska don masu shi su ji kansu. Ku kuma mawaƙa, manya da ƙanana, ku ambaci Burkusuma da Gatawa da Gangara da Tarah da sunayensu, ku yi wa waɗanda aka kashe ta'aziyya ko Bahaushe ne ko Bafillace, ku yaba wa sojan da ya tsaya, ku tambayi mai mulki abin da ya hana a tsare hanyar Isa zuwa Sabon Birni. Masu mulki kuwa, in suna son a yi musu waƙar da za ta daɗe, su mayar da manomi gonarsa kafin damina ta faɗi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya mayar da na gudun hijira gidajensu lafiya.